Bandon Ɗakin Inna Zara

Ku yaran yanzu kuna cewa aikin bando ba aiki ba ne, wai duk wanda ya samu tsani da guduma zai iya. Ba laifinku ba ne. Kaya suna zo muku daga kamfani a lanƙwashe, an huda, an shafa fenti, naku kawai ku ɗora ku ɗaure, ku sauko ku sha shayi. Ni da na fara, fallen ƙarfe ake kawo mana a shimfiɗe kamar tabarma, mu auna, mu yanka, mu lanƙwasa da hannu. In ka kuskure awo, ba wani falle a garin sai mota ta dawo daga Kano. Shekara arba'in da 'yan kai na yi a kan tsani a Damagaram, kuma ni ban gaji da sana'ar ba, gwiwoyina ne suka gaji.

Ga wanda bai sani ba, bando shi ne katakon da ake bugawa a bakin rufin kwano, ya zagaye ɗaki, ya rufe kawunan itatuwan rufi don kada jemagu su shiga, ko ruwan da iska ke korowa. Sunan a bakin Faransawa muka tsince shi. To katako a garinmu ba ya daɗewa tsirara: rana ta tsaga shi, damina ta jiƙa shi, gara ta ƙarasa. Aikina shi ne in ɗinka masa riga ta ƙarfe, in sa masa ta zauna ɗas. In ta tsufa ko iska ta yage ta, ni ake kira in gyara.

Aikin da ya koya mini sana'ar da gaske na ɗakin wata tsohuwa ne, shekara guda kafin mulkin kai. Da sanyin safiya, lokacin ɗari, ina zaune a rumfata a unguwar Zango ina jin ɗumin garwashi, sai ga Mushe Ari a kan keke. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransawa. Dogo ne, mai yawan tunani, irin mutanen da in za su sayi allura sai sun juya ta sau uku. Muka gaisa, ya jingine keken, ya tsuguna.

Ya ce, "Malam Sani, ɗaki na gina wa Inna a gidana. An rufa kwano, an buga katako. Rigar bando ta rage."

Na ce, "Allah ya sa albarka. Yaushe za ta tare?"

Nan ya kwance mini zancen. Mahaifiyarsa, Inna Zara, tana ƙauyen Gidimuni a bakin tafki, ita kaɗai a bukkarta tun rasuwar mahaifinsa. Idanunta sun fara tafiya, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Shekara uku yana aika mata ta dawo birni tana ƙi. Da ƙyar ta yarda za ta zo ta ga ɗakin, ta zauna har ruwan farko, in ruwa ya sauka ta koma ta yi shukarta.

Ya ce, "Wace shuka, Malam Sani? Matar da sai ta shafa take bambance gero da dawa? Rannan an ce mini saura kaɗan ta faɗa wuta. In ta koma ba zan ƙara samun ta ba. So nake ɗakin nan ya riƙe ta. Kada jemage ya shiga, kada ruwa ya ɗiga, kada ta sami ko abu ɗaya da za ta ce bai yi mata ba."

Sai ya gaya mini ya sa wani direban motar gyaɗa ya sayo masa alminiyom daga Kano, ba kwano ba. Ya ji an ce ba ya tsatsa, shi kuwa abin da ya fi kyau yake so wa uwarsa. Na ce masa kada ya damu, ai ƙarfe duk ƙarfe ne. Ban taɓa yanka alminiyom ba a lokacin, amma ban ga dalilin da zai sa in gaya masa ba.

Bari in koma baya kaɗan ku san wanda ya yi wannan cika baki. Ni ɗan maƙeran fari ne daga unguwar Birni, mahaifina zobe da munduwa yake yi. Da na ga rufin kwano ya fara yawa a gidajen 'yan kasuwar gyaɗa da ma'aikata, sai na shiga hannun wani mai aikin katako, mutumin Dahome, muna ce masa Baba Kojo. Kirista ne, ranar Lahadi ko sama za ta faɗo ba ya taɓa guduma, ni kuma ya bar mini Juma'ata. Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba. Shekara biyar yana ce mini, "Sani, ke zo nan," ina amsawa da gemuna.

Wata uku na farko ba abin da ya bar ni na yi sai miƙe tsofaffin kusoshi a kan dutse. Daga nan ya ba ni zare da shuni. A jiƙa zaren da shuni, a ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar maka layi miƙe sambal a jikin katako. Wanda bai bi layin nan ba, bandonsa sai ya riƙa hawa da sauka, kuma duk mai wucewa zai gani, don ba abin da ido ke saurin kamawa a gida kamar bakin rufi. Sannan almakashin kwano, da awartaki na cire kusa, da magagari na goge kaifi. Injin lanƙwasa kuwa katako biyu ne dogaye: ka matse fallen a tsakaninsu, ka bi shi da gudumar katako a hankali, taki-taki, har ya kwanta. Gudumar ƙarfe tana barin tabo, kuma Baba Kojo in ya ga tabo sai ya riƙe kai kamar an yi masa rasuwa.

Abu biyu ya fi nanata mini. Na ɗaya kalmasa: a naɗe bakin fallen na ƙasa ya koma ciki kamar yadda tela ke yi wa riga, don ya yi ƙarfi kuma kada ya yanki hannun kowa. Na biyu haɗi. Ruwan Damagaram daga gabas yake zuwa da iskarsa, saboda haka inda falle ya hau kan falle, dole bakin haɗin ya kalli yamma. In ka juya shi ya kalli gabas, ka buɗe wa ruwa ƙofa da hannunka, kuma ba za ka sani ba sai damina ta biyu, ranar da katako ya ruɓe mai gida ya zo nemanka da sanda.

Sai aka yi wata shekara damina ta yi gardama, gyaɗa ba ta yi ba. A garin nan in gyaɗa ta kwanta, gini ma ya kwanta. Ba mai rufa kwano, ba mai gyara. Baba Kojo ya zauna wata biyar yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba, daga baya ya tattara iyalinsa ya koma ƙasarsu. Ranar tafiya ya miƙo mini almakashinsa da gudumar katako, ya ce, "Ke riƙe, aiki zai dawo." Na koma yanka gwangwani ina yin mazurari da fitilar aci-balbal, matata Rabi tana sayarwa a cikin gida. Ba mu kwana da yunwa ba, amma na san ɗanɗanon tuwo ba miya. Shekara biyu ina 'yan gyare-gyare, har Mushe Ari ya zo da kekensa. Kun ga ke nan ba sunansa kaɗai ke rataye a ɗakin nan ba, har da nawa.

Gidan yana can ƙarshen Sabon Gari, bayansa ba kowa sai duwatsu. Kafin ka taka tsani a wancan zamani, sai ka tsaya ka ɗaga murya sau uku: "A gafara, za a hau sama." Ka ba matan maƙwabta lokaci su ja mayafi ko su shige ɗaki, don daga sama kana ganin tsakar gida huɗu. Wani baƙon magini ya taɓa hawa ba sanarwa a Birni, taɓarya ce ta sauko da shi. Rannan da na yi kira na uku, wata tsohuwa a maƙwabta ta amsa ta bayan katanga, ta ce, "Hau abinka, ɗan nan, abin kallo a gidan nan ya ƙare tun zamanin yunwa." Da dariya na fara aikin.

Alminiyom kuwa, ranar da na fara yanka shi na ƙaunace shi. Almakashi na tafiya a cikinsa ba gardama. Ba nauyi, falle mai tsawon gaba biyu kana ɗaga shi da hannu ɗaya. Kalmasa na kwanciya luf. Da sassafe nake hawa, hannu na ƙanƙara don sanyi, in ɗora falle, in soka bakinsa na sama a ƙarƙashin kwano, in bi shi da farar kusa, taki ɗaya kusa ɗaya. Kowace kusa sai na buga ta har kanta ya nutse. A gidanmu na maƙera abu ya yi sako-sako abin kunya ne, mahaifina in zobe ya yi motsi a inda aka haɗa shi, wuta yake mai da shi. Kwana huɗu na gama. Bandon ya fito fari fat, miƙe, yana ɗaukar ido, mutane suna zuwa daga unguwanni kallo. Kaina ya kumbura har hula ta nemi ta ƙi shiga.

Bayan mako biyu Inna Zara ta iso a gaban motar gyaɗa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baki kamar reza. Ina nan ranar, na zo gyara wata ƙofa. Ta shiga ɗakin, ta shafa bango, ta shafa taga, ta ce, "Ya yi." Ta ajiye ƙunshin kayanta a ƙarshen gado. Buzun salla da buta kawai ta fitar, sauran ta bar shi a ɗaure.

Akwai abin da ya kamata ku sani, don ku yanzu kun daina shi. Mushe Ari ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma ba ya zama su yi hira. In tana son abu, ko yana tsaye a gabanta, sai ta juya wajen wani ta ce, "A gaya wa mutumin nan." Ni kuwa tun ranar farko ta raɗa mini suna ɗan maƙera, ta mai da ni abokin tsokana. Ta ce ta ji muryata ta san ba ni da kyau.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da ƙarfinta. Wata rana sai ga Mushe Ari a rumfata, fuska ba annuri.

Ya ce, "Malam Sani, ɗakin yana magana."

Na bi shi da tsakar rana. Muna tsaye a tsakar gida, rana ta ɗan karkata, haskenta ya sauka a bandon yamma. Can sai na ji ƙas. Jim kaɗan, ƙas, ƙas. Sannan taƙ, da ƙarfi, kamar an jefi kwano da tsakuwa. Na ɗaga kai. Bandona da na bari miƙe ya yi tudu da kwari tsakanin kusa da kusa, kamar rigar da aka kwana a kanta.

Mushe Ari ya ce haka yake yi kullum: da hantsi ta gabas, da rana ta yamma, in rana ta faɗi kuma ya sake. Matan unguwa har sun fara cewa a kan hanyar aljannu aka yi ginin. Matarsa Hadiza ba ta bin ta gefen ɗakin sai da addu'a.

Ya ce, "Ni na yi lakwal, na san ba aljani ba ne. Amma Inna fa? Tana kwance a ciki, ba ta gani, abu yana ƙwanƙwasa mata a ka."

Na ce, "Ta yi magana?"

Ya ce, "Ba ta ce komai ba. Shirun nata ne ke hana ni cin abinci."

Ni da shi ba wanda ya yi tunanin a je a tambaye ta. Shi kunya ta hana shi, ni kuma kunyar aikina ta ishe ni.

Me kuke tsammani ɗan maƙera zai yi wa abin da ke motsi? Na ƙara kusa. Inda akwai ɗaya na sa biyu. Washegari ɗakin ya yi magana fiye da da, har wani falle ya tsage a bakin kusa. Na ƙara wasu. Kwana uku ina dukan bandon nan yana ramawa. Na fara tunanin ko in koma wa mazurarina tun kafin gari ya gama ji.

Rana ta uku na sauko in sha ruwa, jiki ba ƙwari. Inna Zara tana zaune a inuwa tana ɗinke wata fasasshiyar ƙwarya ta Hadiza, da basilla da zaren kaba, duk da shafa take yi. Na tsaya ina kallo. Da yake bakina ba ya zama, na ce, "Inna, ɗinkin nan bai matsu ba, kuma ramin ya fi zaren girma."

Ta ce, "Ji ɗan maƙera zai koya mini ɗinkin ƙwarya. Ƙwarya ai tana numfashi. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta sha rana ta tsuke. Ka matse ta yau, jibi ta fashe a wani wurin. Sai ka riƙe ta, amma ka bar mata wurin motsi."

Ban ƙarasa shan ruwan ba. Washegari da asuba na shimfiɗa ragowar falle a kan katako a rana, na ja layi daidai bakinsa. Da azahar na dawo, ya wuce layin da faɗin ƙwayar dawa. Da magariba ya koma inda yake. Ashe farin ƙarfen nan yana miƙewa da zafi fiye da kwano nesa ba kusa ba. Ni kuwa na ɗaure shi da sanyin ɗari, lokacin da ya fi tsukewa, na hana shi wurin miƙe ƙafa. Ƙarar nan ƙarfe ne ke kokawa da kusa.

Kwana biyu na yi ina gyara, kuma ku saurara, don wannan shi ne sirrin aikin duka. Na cire kowace kusa da awartaki. Na sauko da fallayen, na miƙe su da gudumar katako, na musanya wanda ya tsage. Kowane rami na bi shi da siririn magagari na mai da shi dogo a kwance, kamar idon allura. Na rage kusoshin. Wadda zan buga kuma, in sa ta a tsakiyar ramin, in buga har kanta ya taɓa ƙarfen kawai, in tsaya. Hannuna yana ƙaiƙayi ya ƙara duka ɗaya, ina hana shi. In ka tura fallen da tafin hannu ya kamata ya ɗan zame ya dawo. Inda falle ya hau falle na bar yatsa biyu. Da na gama muka tsaya ni da Mushe Ari da tsakar rana muna saurare, har rana ta yi nisa, ko ƙas. Ya kama hannuna da hannu biyu. Da yamma ya aiko mini da zakara, Rabi ta yi mana dambu.

Kwana huɗu na yi ina yawo a gari ina ba da labarin gwanintata. Rana ta biyar, wata Laraba da la'asar, Mushe Ari ya zo a ƙasa, ba keke ba hula.

Ya ce, "Inna ta ce a nemo mata mota. Gobe."

Na ce, "Ai ruwa bai sauka ba."

Ya ce, "Ta ce ba sai ya sauka ba. Hadiza ta yi kuka ta gaji. Ni ba za ta gaya mini dalili ba. Kai take sake wa baki, zo ka ji mini."

Na same ta zaune a bakin gado, ƙunshinta a gefe, har buzun ta naɗe ta ɗora a kai. Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe ta. Mushe Ari ya tsaya a waje, jikin bango.

Ta ce, "Ɗan maƙera ne? Kai ne ka kashe mini ɗaki?"

Na ce, "Ni kuwa, Inna? Gyara shi na yi. Ƙarar nan da ke damun ki na raba ki da ita."

Ta ce, "Wa ya ce maka tana damu na? Ka tambaye ni?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "A Gidimuni ko ban gani ba, in na ji shanu sun sauko tafki na san rana ta karkata. In tsuntsaye sun dawo kan ruwa na san magariba ta gabato. Nan ba shanu, ba tafki, ladan yana can nesa, muryarsa ba ta isowa. Da na zo, safiya da yamma duk ɗaya suke mini. Sai ɗakin nan ya fara yi mini magana. In ya yi ta nan," ta nuna yamma, "in tashi in yi alwala, azahar ta yi. In ya sake da sanyin yamma, magariba. Ban taɓa kuskure ba. Har na ce a raina, ashe birni ma ana iya zama. Sai ka zo da gudumarka. Shekaranjiya sai da la'asar ta kusa na yi azahar. Tun da na yi wayo ban taɓa haka ba."

Na ce, "Inna, ai ga Hadiza, da kin tambaye ta."

Ta ce, "Yarinyar kirki ce, ba ta rage ni da komai ba. Tana daka, tana wanki, ga goyo. Sai in zauna kamar jaririya ina kiran ta, Hadiza rana ta yi, Hadiza rana ta yi? Abincina a hannunta, ruwana a hannunta, sallata ma a hannunta? A'a. Gara in koma inda nake sanin lokacina da kaina."

Daga waje Mushe Ari ya yi gyaran murya, ya ce mini ƙasa-ƙasa akwai agogo mai ƙararrawa a kanti, zai sayo yau ɗin nan. Ta ji shi sarai.

Ta ce, "Gaya wa mutumin nan, agogo sai an murɗa shi kullum, sai an saita shi. Wa zai yi? Wani ne dai. Ɗakina ba ya roƙon kowa."

Na fito, muka kalli juna ni da shi. Malamin da ke koya wa yara lissafi da ɗan maƙeran da ya gano numfashin ƙarfe, tsohuwa makauniya ta tara mu ta zubar. Dariya ta kama ni, shi kuwa idonsa ya kawo ruwa. Ya ce motar Gidimuni tana tashi gobe bayan la'asar, kuma ba zai iya hana ta ba in ta ce sai ta tafi.

Na ce, "Ka ba ni zuwa gobe da azahar."

Aikin da na ƙudura ba a yin sa da yamma, ƙarfe ya riga ya miƙe. Sai da sanyin asuba na dawo da tsanina. Falle ɗaya na zaɓa, wanda ke saman tagarta ta yamma. Na ja shi ya miƙe, na huda sabon rami ƙarami a kowane gefe, na buga kusa na nutsar da kanta, irin bugun da na yi kwana biyu ina hana hannuna. Sauran bandon ban taɓa shi ba. Na san fallen nan zai yi ɗan tudu, kuma duk ma'aikacin da ya wuce zai ce Sani ya yi aikin banza a nan. Ban taɓa ɓata aiki da gangan ba sai rannan, kuma ban taɓa jin daɗin bugun kusa kamarsa ba.

Ranar Alhamis ce, a lokacin ba a zuwa lakwal ran Alhamis. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da Mushe Ari, muka zauna jira. Hadiza ta kawo fura, ba wanda ya taɓa. Inna tana ciki da ƙunshinta, ba mu gaya mata komai ba, don ban tabbata zai yi ba. Wajen hantsi sai ga gajimare ya taso daga gabas ya rufe rana. Manoman ƙasar nan duk suna roƙon hadari rannan, mu biyu kaɗai muke roƙon ya wuce. Mushe Ari yana duba agogon hannunsa yana duba sama. Rana ta raba, ba haske.

Can gajimaren ya yage, rana ta faɗo a kan bandon yamma. Na ƙirga a zuciyata har na ɓace da ƙirgar.

Ƙas.

Mushe Ari ya damƙi gwiwata.

Ƙas, ƙas. Taƙ.

Ba a daɗe ba muka ji motsi a ɗakin. Ta fito tana shafa bango, buta a hannu, ta wuce mu kamar ba mu nan, ta tsuguna ta yi alwalarta a natse. Da za ta koma ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ɗan maƙera, gaya wa mutumin nan azahar ta yi. Ya tashi ya yi salla, ya zauna yana kallon sama kamar mara aikin yi."

Mushe Ari ya miƙe, ya matso kusa da ni. Ya ce mini a hankali, "Tambaye ta motar."

Ban kai ga tambaya ba. Da ta idar da salla muka ji tana fama da kullin ƙunshin nan da ya yi wata huɗu a ɗaure. Ta kira ni. Na shiga na tarar ta baje kayanta a kan gado, zannuwa, da faifai, da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki uku. Ta ɗaga ƙwaryar, ta shafa bango daidai kan gadonta.

Ta ce, "In kana da sauran kusa, buga mini ɗaya a nan in rataya wannan."

Na ce, "Akwai, Inna."

Ta ce, "Wannan kam ka matse ta."